Surukina da Mazauna Garka

Ranar da Allah Ya karɓi ran surukina, gidanmu na Ƙofar Kibo ya cika har mutane suka rasa inda za su ajiye takalma. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ni ina ciki tare da mata, amma katangar da ta raba tsakar gida da zaure ba ta riƙe magana, don haka duk abin da maza suka faɗa a kunnena ya sauka. Na yi zaton zancen ɗinki zan sha ji, domin Baba, kamar yadda muke kiransa, maɗinkin hannu ne, ya yi wa manyan riguna aiki tun yana saurayi har idonsa ya gaza. An ɗan taɓa zancen ɗinkin. Amma abin da ya fi yawa a bakin masu gaisuwa zancen ɓera ne.

Wani tsohon malamin makaranta ya zo daga Wusasa, Kirista ne, abokin Baba tun na ƙuruciya. Bayan ya yi gaisuwa ya zauna, sai ya ba da labarin yadda ya taɓa yi wa Baba kukan ɓeraye sun addabi ɗakin ajiyarsa, har ya ce zai sayi magani ya zuba. Washegari da hantsi sai ga Baba a kan keke, tun daga birni, da guntun indararo ɗaure a baya da tarko a aljihu. Yana faɗa yana dariya, kafin ya kai ƙarshe muryarsa ta karye, sai wani ya miƙa masa ruwa.

Har mai tallan maganin ɓera ya zo, mutumin nan da ke yawo da busassun ɓeraye rataye a sanda. Ya ce a duk layin nan Baba ne kaɗai ke tsayar da shi, ya sa a kawo masa ruwa, ya tambayi iyalinsa, sannan ya roƙe shi don Allah kada ya sayar wa kowa a gidan. Ya ce, "Bai taɓa sayen ko ƙulli ɗaya ba, kuma bai taɓa wulaƙanta ni ba." A ciki kuwa wata maƙwabciya ta ce su 'ya'yanta ba su san gidan da wani suna ba sai gidan bushiya. Mata suka yi dariya suna share ido da gefen mayafi. Surukata, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a kan tabarma da carbi, ko murmushi ba ta yi ba. Ta dai ce ita ta sha fama da wannan sha'ani, ta ci gaba da jan carbinta.

Dariyar nan ta yi mini daɗi, ta kuma tsorata ni. Na ji tsoron kada shekaru su ja a riƙa tuna Baba a matsayin tsoho mai abin dariya, wanda ke lallashin ɓera. Ba haka yake ba, kuma ni na sani, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna a kwanakin. Dangi da abokan arziki sun kawo gero da shinkafa, an jibge a ɗakin ajiya domin sadakar arba'in. Ɗakin yana jikin garka, wato filin da ke bayan ɗakunanmu, kuma tun da Baba ya kwanta ciwo ba wanda ya ɗana tarko. Kafin a yi bakwai ɓeraye sun huda buhu, sun fara ɓarna a fili. Yayan maigidana, babban ɗan gidan, wanda ke aikin gwamnati a Kaduna, ya leƙa ɗakin ya ga abin da ya gani. Ya ce wannan ba abin wasa ba ne, abincin sadaka ne, kuma idan ya dawo ran Juma'a zai zo da shinkafar ɓera a barbaɗa ko'ina, har garkar. Maigidana ba ya musu da yayansa. Ni kuwa matar ƙane ce, ba ni da bakin magana a nan. Maganar Inna ce kaɗai za ta iya tsayar da shi, kuma kowa a gidan ya san ɓangaren da Inna take tun kafin a kawo ni. Na san in aka barbaɗa, duk abin da Baba ya bari yana numfashi a garkar nan ya tafi.

A farkon shekarun tamanin aka kawo ni gidan, ina 'yar Gyallesu mai tsoron duk abin da ke rarrafe. Garkar ba ta da wani girma. Akwai zogale, da lalle, da lemun tsami guda, da tarin itacen girki jingine da katanga. Amma mazaunanta sun fi na cikin gida yawa. Ƙadangaru a kan katanga, kwaɗi a gindin randa, kurciyoyi da ke sauka da safe, hawainiya a cikin lalle, jaɓa mai warin nan, sai kuma bushiya da ke fitowa in rana ta faɗi. Ranar da na fara taka ta da silifa na yi tsalle har na zubar da ruwan wanke-wanke. Inna ta ce in yi haƙuri, 'yan uwan Malam ne, zan saba.

Kada a ɗauka Baba yana ƙaunar ɓera. Ba wanda ɓera ya cuta a gidan kamarsa. Na taɓa ganin rigar da ya yi watanni yana mata aiki, ɓera ya shiga adaka ya cinye mata wuya a dare ɗaya. Ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo, ya ninke ya ajiye, ranar ko shayi bai sha ba. Yana kashe ɓeraye, kuma ya fi kowa iya kama su. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Da ɓera nake shari'a, ba da maƙwabtansa ba." A wurinsa magani ba ya tambayar suna. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa a raminsa, fitowa yake yana tangaɗi, kyanwa ta ɗauka ko shirwa ta sura, su ma su bi shi. Abin da ya rage a ƙasa kuma kaza ta tsattsaga, bushiya ta lasa.

Saboda haka yana da nasa tsarin. Tarkon ƙarfe ne irin na maƙera, amma ba ya ajiye shi a fili. Cikin guntun indararon ƙasa yake tura shi, ya liƙe bakin da yumɓu har ya rage ƙofar da ɓera kaɗai zai iya kutsawa, yadda kaza ko kurciya ba za ta zura kai ba. Ba ya kuma ajiye shi a ƙasa. A kan wani katako yake ɗorawa, can jikin bango inda ɓeraye ke bi, domin ya ce bushiya da kwaɗo ba sa hawa, ɓera kuwa hawa sana'arsa ce. Ƙuli-ƙuli yake sawa, ba ya sa kifi, don kifi yana kiran kyanwa da jaɓa. In ya kai tarko sabon wuri sai ya bar shi 'yan kwanaki da abinci ba tare da ya ɗana ba, wai yana karɓar baƙi tukuna. Sannan ga dokar da ba ya karyawa ko da zazzaɓi yake: ba ya ɗanawa sai bayan magariba, idan tsuntsaye sun hau reshe, ƙadangaru sun shige tsaga. Da ya dawo daga sallar asuba kuma, kafin rana ta taɓa katanga, zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwance. Abin da ya kama ya kai can gindin ganuwa ya jefa wa shirwa, ya ce wannan nama ne mai tsabta.

Inna takan tsaya a ƙofar madafa da ludayi a hannu tana kallonsa. Takan ce mutane na can suna neman abin duniya, nata mijin yana gina wa tarko ɗaki. Takan ce da ƙulli ɗaya na magani da an huta da wannan tashin asuba. Shi kuma yakan ce, "A'a." Ba ya ƙara komai. Haka suke yi kusan kullum, har ya zama in ban ji su ba sai in ga kamar gari bai gama wayewa ba.

Ni da Baba akwai kunya a tsakaninmu, kamar yadda aka saba. In na durƙusa na gaishe shi yakan amsa yana kallon wani gefe, ni ma kaina a ƙasa. Amma ya samo wa kansa hanya. In yana son gaya mini wani abu ina garka ina shanya, sai ya tsaya gaban jan-gwadan da ke kan katanga ya yi masa magana. Yakan ce, "Kai, ka gaya wa mutanen ɗakin can kada su zuba ruwan sabulu a gindin randa, akwai masu zama a wurin." Jan-gwada ya gyaɗa kai, ni kuma in juya baya ina danne dariya. Duk abin da na sani game da tarko, a bakin ƙadangare na koya.

Ɗana na fari bai yi kwanaki da yawa bayan suna ba ya koma. Ba na son tsawaita wannan. Na dawo daga gidanmu na shige ɗaki, ba na son ganin kowa, abinci ma sai Inna ta tsaya a kaina. Baba ba zai iya shigowa ɗakina ba, ba zai kuma iya zaunar da ni ya yi mini nasiha ba. Wata safiya na fito ɗiban itace, yana can yana kwance tarkunansa. Sai na ji ya yi gyaran murya, ya fuskanci katanga.

"Ka gaya wa mai ɗakin can bushiya ta haihu a ƙarƙashin itacen nan. A daina ɗiba ta wannan gefen. Ni idona ya fara rauni, ita na bar wa aikin lura da su, kada kyanwar maƙwabta ta shigo."

Bai jira amsa ba ya fita. Na tsuguna na leƙa. Ga su nan ƙanana, ƙayarsu fara-fara ko tauri ba ta yi ba. Na zauna a wurin na yi kukan da na kasa yi a ɗaki. Daga ranar kullum sai na fito da safe na duba su, na kori kyanwa, na ajiye ruwa a kasko. Idon Baba a lokacin lafiyarsa lau, yana zura zare a allura ba tabarau. Na gane hakan tun a ranar, kuma na ƙaunace shi saboda wannan ƙaryar tasa har ya bar duniya.

Faɗan da suka yi na gaske sau ɗaya na gani. Ana shirin kai garar autarsu, Inna ta tara gari da gyaɗa da shinkafa, ta yi alkaki da nakiya ta rufe a kwalla. Baba ya tafi Kano sayen zare, zai kwana biyu. A daren farko ɓeraye suka ture murfi suka yi ɓarnar da ta sa Inna ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta aika kasuwa aka sayo magani, ta kwaɓa da sauran tuwo ta ajiye a lungu-lungu. Ɓerayen kuwa sun mutu, wannan gaskiya ce. Amma ranar da Baba ya dawo, ya tarar da babbar bushiya a gindin randa a mace, ta zo neman ruwa ba ta kai ba. Da yamma kuma maƙwabta suka ce shirwa ta faɗo a tsakar gidansu tana fuka-fuki har ta mutu.

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a gindin zogale ya binne ta, ya bi lungu-lungu ya tsince sauran tuwon, ya share ƙasar wurin. Daga nan ya koma zaure ya zauna kan ɗinkinsa. Kwanaki yana cin abinci yana cewa an gode, amma in Inna ta tsokane shi ba ya tankawa. Inna ta ce mini da wannan shirun gara ya zage ta. Ba ta kuwa ba shi haƙuri ba. Ta tsaya a bakin zaure ta ce gararta ta fita lafiya, ɗiyarta ba ta ji kunya a gidan miji ba, kuma in da za a sake, za ta sake. Ni da na yi wa bushiyar nan kuka, ban iya ganin laifin Inna gaba ɗaya ba, don na ga daren da ta yi tana tuya da hayaƙi a ido. Abin da ya shirya su shi ne wata safiya ta fito ta ga yana liƙa wa sabon indararo yumɓu, ta ce to ga magini ya koma bakin aiki, da an sa magani da an huta. Ya ɗago ya ce, "A'a." Ta koma madafa tana murmushi, ranar har man shanu ta zuba masa a miya. Ba ta ƙara sa magani ba, amma ba ta daina cewa a sa ba.

Yana da wasu halaye da ba su shafi garka ba. Ba ya fara cin abinci sai ya tambaya ko kowa ya samu. Yana sauraron labarai a rediyo da ƙaramar murya, in an gama ya ce Allah Ya kyauta, ya kashe don kada batir ya ƙare. In jikokinsa sun kama fara sun ɗaure mata zare a ƙafa, ba ya duka, sai ya zauna ya kwance zaren a hankali da bakin allura, yana ba su labarin wani abu dabam har su manta da ita. Yana da taurin kai, wannan kam ba zan ɓoye ba. Asibiti ma sai da 'ya'yansa suka taru a kansa.

Da ciwon ya kwantar da shi, a tsakiyar shekarun casa'in, abu na farko da ya sa maigidana ya yi shi ne ya tattaro tarkunan duka, ya kwance, ya rataye su a ƙusa a ɗakin ajiya. Maigidana ya ce ai za a iya ci gaba da ɗanawa. Baba ya ce a'a, kowa yana da hidimar jinya a kansa, wata rana za a makara, rana ta fito ta tarar da tarko a ɗane. Ya ce tarkon da ba mai tashi ya kwance shi bai da maraba da guba. Ya gwammace ɓeraye su sha iska na ɗan lokaci, in ya warke sa haɗu. Bai warke ba.

Ran Juma'ar da Yaya ya ce zai dawo, ya dawo, duk da wahalar fetur da ake ciki. Bayan an sauko daga masallaci ya shigo cikin gida, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna inda take zaman takaba. Ina ciki ina ninke mata kaya, na so in fita ta ce in zauna. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, don ɗan fari ne, ba ta cika haɗa ido da shi ba. Ya fito da ƙunshin maganin daga aljihu ya ajiye a bakin ƙofa. Ya yi bayani a natse, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne: buhu biyu sun huje, arba'in ta matso, ba zai yiwu a ciyar da jama'a da abin da ɓera ya yi wa fitsari ba. Na ƙura wa zanen da ke hannuna ido.

Inna ta ce ya mayar da shi aljihu.

Yaya ya ɗago da mamaki. Ya ce, "Inna, ai ke ce kullum kike cewa a sa. Tun muna yara muke ji."

Carbin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ce, "Ina cewa a sa, yana cewa a'a. Yanzu in na ce a sa, wa zai ce a'a?"

Yaya ya miƙa hannu ya ɗauki ƙunshin, ya zauna daɓas a ƙasa da babbar rigarsa. Inna ta juya fuskarta bango. Tun ranar rasuwar ban ji sautin kukanta ba sai a lokacin.

Da aka yi magariba na shiga ɗakin ajiya na sauko da tarkunan daga ƙusa.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yalwata masa makwanci, Ka tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa ƙananan bayinKa da ba su da bakin godiya. Ka ba Inna haƙurin shirun da ya bar mata. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.